Ruwan da Auta Ta Zuba a Falo

Auta sana'arta gyaran hoto. Shekara tara tana zaune a ƙuryar wani shagon ɗaukar hoto, bayan labule, gaban kwamfuta, tana goge wa mutane ƙuraje, tana miƙe wuyan riga a hoton fasfo. Mai shagon yakan ce da za a kawo mata hoton kura, kafin la'asar an sami mai neman aurenta.

Amma abin da ke ranta daban ne. In ta tashi aiki, sai ta ɗauko hotunan da ta ɗauka da kanta, ta yanko wannan ta ɗora a kan wancan: gado yana shawagi a saman titi, mace mai ƙofa a ƙirji. Yayanta in ya leƙo sai ya ce, "Ke dai ki riƙa addu'a kafin ki kwanta." Ita kuwa abin da bakinta ya kasa faɗa ne take haɗawa.

Babanta tsohon tela ne, shekara arba'in yana kan keke. Su biyu suke zaune a hawa na biyu na wani bene mai hawa huɗu. Mantuwa ta kama shi. Yakan nemi tabaransa alhali yana fuskarsa, yakan tambayi mahaifiyar Auta da ta rasu shekara shida. Kullum in ta dube shi, gani take kamar yana nutsewa ne a hankali, ita kuma tana tsaye a gaɓa.

Wannan ne ta mayar hoto. Ta ɗauke shi hoto zaune a kujerarsa, ta je ta ɗauko hoton ruwa da kifaye a wurin mai kiwon kifi, ta yi mako uku tana haɗawa. Da ta gama, ga Baba a falonsu, ruwa har ƙirji, takalmansa suna yawo a sama, kifi yana giftawa ta gaban agogon bango. Wani gidan baje kolin zane ya karɓa. Aka buga shi babba, ya kusa kai tsawon ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi ta kawo shi gida a naɗe cikin takarda, ta jingina da bango. Baba yana gyangyaɗi. Ta sauka kantin magani karɓo masa ƙwayoyinsa.

Da ta dawo, ƙofa a buɗe. Kujera ba kowa. An yage takardar, hoton yana kallon ɗakin. Ta duba ɗaki, ta duba banɗaki, tana kira. A kusurwa teburin keken ɗinkinsa yana nan, amma an cire kan keken.

A matattakala ta yi karo da maƙwabciyarsu ɗauke da bokitin wanki.

"Yanzu ya wuce ni ya yi sama," in ji matar. "Wai in kwashe yarana, ruwa na zuwa. Na ɗauka tsokana yake."

Rufin benen fili ne, katangar gefensa ko gwiwa ba ta kai ba. Auta ba ta san yadda ta haye ba. Tana tura ƙofar ƙarfen ta gan shi: ƙafa ɗaya a kan katangar, babu takalmi, rungume da kan keken, nauyinsa yana rinjayarsa gaba. Ƙasa can motoci suna wucewa.

Ihu ya taso mata, ta danne shi da tafin hannu. Ta san in ya firgita, shi ke nan.

"Baba," ta ce a hankali.

Ya waiwayo. "Auta, kin fito? Ina uwarki? Ruwa ya cinye falo. Da idona na ga kaina a ciki."

"Baba, hoto ne. Ni na yi shi."

"Hoto yana ƙarya ne? Tsallakawa zan yi gidan can, ya fi tudu."

Tsakaninsa da gidan can akwai lungu mai faɗin mota. Ya gyara riƙon keken. Sai Auta ta tuna wayarta. Duk matakin da ta kai a aikin takan ajiye shi a cikinta, tun daga hoton farko.

"To Baba, gaskiyarka. Amma ruwan ya fara janyewa. Zo ka gani."

Ta ɗaga wayar. Ya ƙanƙance ido, bai gani ba daga nan. Ya sauke ƙafar, ya matso taku ɗaya. Ta ja baya taku ɗaya. Ta goga yatsa, ruwan ya koma ƙugu. Ta sake, ya koma gwiwa, kifayen suka ɓace.

"Ikon Allah," in ji Baba, yana ƙara matsowa.

A hoton ƙarshe yana zaune a busasshen falo. A nan ta damƙi rigarsa da hannu biyu, suka zube tare, keken ya daki siminti. Ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka, shi kuma yana mitar ta sa ya karya allura.

Yayanta ya zo da rana, ya yi faɗa kamar zai ci babu, ya ce sai ya yayyaga hoton. Daga baya ya huce, ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar rufin, ya kai hoton gidan baje kolin da kansa. An ce mutane sun daɗe a gabansa, har wata dattijuwa ta share hawaye. Auta ba ta iya zuwa ba.

Har yanzu tana haɗa hotunanta, amma a shago take barinsu. Ta daina fita ta bar Baba shi kaɗai ko na minti biyar ne, kuma duk sanda ta ji takun mutum yana hawa bene, sai ta leƙa falo ta tabbatar yana kan kujerarsa.