Maganin Baba da Na Yi Wata Huɗu Ina Murƙushewa

Shekarun baya ne, ina amarya a gidan surukaina a wani ƙauye kusa da Hunkuyi, da cikina na fari wata biyu. A gidajenmu ba a faɗin cikin fari. Ni na sani, mijina ya sani, sauran mutanen gida sai idonsu ya gaya musu in lokaci ya yi.

A lokacin surukina, wanda duk muke kira Baba, yana fama da fitsari. Ya daɗe a bayi, ya fito yana haɗa gumi. Mijina ya kai shi asibiti a Zariya, aka ce wata tsoka ce ta maza a ƙasan mafitsara ta kumbura ta matse hanya, aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Baba kuwa ba ya iya haɗiye ƙwaya, kuma matarsa ta rasu, sai aikin ya faɗo kaina. Kowace safiya in murƙushe ta tsakanin cokula biyu, in share garin da yatsana cikin kokonsa. In koko ya taɓa yatsan, in lashe abina. Ina ta jin kaina surukar kirki.

Baba ya samu sauƙi. Har sanƙonsa ya fara tsiro da ɗan gashi, abokan hirarsa suna tsokanarsa wai sabon aure zai yi.

Cikina na wata shida na je awo Hunkuyi. Maganin Baba ya kusa ƙarewa, sai na tafi da kwalin don in sayo wani. Matar da ke ba da magani a asibitin ta dubi kwalin, ta dubi cikina.

Ta ce, "Ba dai ke kike ba shi ba?"

Na ce, "Ni nake murƙushe masa ma, Malama," har da ɗan murmushina.

Ta ajiye biro. Ta ce maganin nan shi ne dai wanda maza ke sha don sanƙo, kuma mai ciki ba ta taɓa shi in ya fashe. In namiji ne a cikin, zai iya hana gabansa fita daidai. Ta ce sau da yawa ba abin da ke faruwa, amma ba za ta rantse mini ba. Ta ƙara da cewa duk likitan da ya rubuta shi sai ya yi wannan gargaɗin.

A gona na sami mijina, yana yankan dawa. Ko sallama ban yi ba.

"Malam, likita ya ce maka mai ciki kada ta taɓa maganin Baba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya faɗa. Ya tambaya ko akwai mai ciki a gidan."

"Ka ce masa me?"

"Baba yana zaune a gefena fa. Da wane bakin zan ce matata ciki gare ta? Na ce babu."

"Da kuka dawo gida fa? Ni ma kunyata kake ji?"

Ya ce ya ɗauka tsoratarwar likitoci ce. Kuma in ya hana ni, Baba zai tambayi dalili.

Wallahi ban taɓa jin na tsani mutum ba sai ranar. Wata huɗu yana wucewa ta gabana da safe, yana ganin yatsana cikin garin nan, ya ce sannu da aiki ya fita. Ya auna ɗansa da kunyar minti ɗaya, ya zaɓi kunyar.

Na koma gida na durƙusa a gaban Baba a zaure, na faɗi abin da surukai ba sa faɗi.

"Baba, ciki gare ni, wata shida. Maganinka yana iya cutar da abin da ke cikin. An gaya wa ɗanka, bai gaya mini ba."

Baba ya ce, "Miƙo mini kwalin, 'yata." Ya ɓare ƙwaya ɗaya da hannunsa, ya jefa baki, ya bi ta da ruwa. Ya yi ta kakari har hawaye, amma ta wuce. Mijina kuwa ya fi wata guda Baba bai amsa gaisuwarsa ba.

Wata ukun da suka rage ban san daɗin abinci ba. Hoton ciki ya nuna namiji ne, sai tsoron ya ninka. Ranar da na haihu, kafin a goge shi na ce wa ungozoma ta buɗe mini shi in gani. Ta duba, na duba, na sake dubawa. Lafiya lau yake, Alhamdulillah.

Yau yaron yana firamare, Baba ya rasu, muna nan tare da mijina. Na yafe masa, amma ban huce ba. Duk sanda zancen ya taso sai ya ce, "Ai ba abin da ya faru." Ni kuwa in ce masa, Allah ne ya tsare yaron nan, ba ubansa ba. Cikina na biyu, tun yana wata ɗaya na shiga ɗaki-ɗaki na faɗa wa kowa da bakina, aka yi ta cewa ba ni da kunya. Na ce na ji, na ga abin da mai kunya ya kusa yi wa ɗansa.