Taken Maigidana Da Anka Ba Wani

Lokacin da abin nan ya faru ni matar ɗan kokowa ce, a wani ƙauye kusa da Afala. Ban yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba, ba ni kuma son yawo, daga madafa sai ɗaki. Amma Allah ya ba ni kunne da baki. Ina cikin daka, in anka buga ganga daga nesa, sai in faɗa wa maƙwabta ko taken wane ne, don kowane gwani da kiɗan da makaɗi ya ware masa shi kaɗai.

Maigidana ba ƙato ba ne, murɗa ya iya. Zai bari ƙato ya turo shi da ƙarfi, sai ya juya da shi kamar mai murza igiya, kafin a ankara mutum yana ƙasa. Da haka ya kada gwanin Tabaram da na Takanamat, ya kai Tawa, har anka sa shi cikin masu zuwa wakiltar ƙasa a waje. Sau ɗaya ya tafi. A can ya murɗe abokin karonsa har gwiwar mutumin ta taɓa rairayi. A wurinmu an gama ke nan, sai ya sake shi, ya ɗaga hannuwa ya fara kirari. Ashe a dokarsu wannan ba kaye ba ne. Mutumin ya tashi, ya rungumo shi ta baya ya shimfiɗe. Duk gari ya gani a tele.

Da ya dawo ba wanda ya tarbe shi a tasha. In ya shiga kasuwa sai 'yan tireda su ɗaga hannuwa sama suna dariya. Ni kuma mata a bakin rijiya sunka riƙa tambayata wai ko a gida ma haka yake sakin aiki bai ƙare ba. Ba a sake kiransa ba. Ya koma gonarsa ta gero da ciwon gwiwa, shekaru sunka wuce, har ya fara wasa da yara yana dariya kamar da.

Wata kaka, bayan an gama yankan hatsi, na jiyo takensa daga filin kokowa, amma da sunan wani saurayi a ciki. Da ya shigo yana shan fura, bakina bai iya riƙewa ba, na faɗa masa. Ya ajiye ludayi, bai ƙara kurɓa ba. Ya tafi wurin makaɗin, mutumin da ya sha cin tuwon gidanmu, shi kuma ya ce masa take na mai tsayuwa ne, in yana son abinsa ya shigo fili ya karɓa.

Na roƙi maigida kada ya je, na haɗa shi da girman uwarsa, ya ce in miƙo masa layunsa. Ranar na fara taka filin kokowa. Saurayin ya kira shi Baba, ya ce ya koma inuwa kada rana ta taɓa shi. Maigida ya nemi murɗarsa, gwiwa ta ƙi. Saurayin bai kada shi nan take ba. Ɗaga shi ya yi, ya zaga fili da shi a kafaɗa yana tambayar jama'a ina suke so ya ajiye musu tsohon, kowa na nuna gefensa yana shewa. Sannan ya buga shi da ƙasa. Ƙugunsa ya karye. Ana fitar da shi, makaɗin na buga wa saurayin taken nan. A asibitin Tawa sunka ce shi da tafiya sai da sanduna.

Har yau bai taɓa ce mini ke kika ja ba, kuma shirun nan ya fi mari zafi. Abin da na gane shi ne, masu tafi a fili ba mutum suke so ba, faɗuwa suke jira, ta kowa ce. 'Yan uwana mata, wadda mijinta ya taɓa yin suna ya rasa, in ya samu ya kwantar da ransa, ki bar shi, ba duk abin da kika jiyo ba ne za ki kai masa. Fili cike yake ranar da ya faɗi, amma yau ni kaɗai ke ɗaga shi ya yi alwala.