Kashe Ta

Makullin yana hannuna, na zare shi gaba ɗaya, amma motar ba ta mutu ba. A nan ne gabana ya yanke ya faɗi. Na dubi makullin, na dubi ramin da na ciro shi, injin kuwa yana ta ruri kamar ba da shi ake ba, kujerar da nake kai tana rawa har haƙorana suna haɗuwa.

Motar ta Yayana ce, ƙarama, irin wadda malaman makaranta suke saye. Da fetur ya yi tsada sai ya kai ta garejin abokinsa a nan Jibiya, suka sauke injinta suka ɗora mata na dizal, wanda ya samo a Maraɗi daga jikin wata mota da ta yi hatsari. Shi ba ya ma cewa dizal, gazuwal yake cewa kamar mutanen can, yana ta yabon man wai ba ya ƙarewa da wuri. Tun daga nan motar ta canza hali. Gabanta ya sunkuya saboda nauyi, muryarta ta koma ta babbar mota, in ya shigo layinmu sai mata su leƙo ko tifa ce ta kawo yashi. Batirinta kuma ba ya iya tayar da sabon injin sai an tura, shi ya sa Yaya ba ya yarda ya kashe ta a hanya.

Ranar za mu Maraɗi ne duba Gwaggonmu da aka yi wa aiki. Da muka iso bakin iyaka ya tsaya nesa kaɗan da shingen, inda titin ya ɗan gangara, ya ja birkin hannu, ya kwashi takardu.

"Zamna nan, kar ki taɓa komi. Yanzu za ni hito."

Bai daɗe da shiga ofis ba wani matashin ma'aikaci mai kaki, da bindiga rataye a ƙirjinsa, ya ƙwanƙwasa gilashin gefena.

"Malama, ina direban?"

"Ya shiga ciki, yallaɓai."

"Wace irin mota ce wannan, jikin akuya muryar raƙumi? A kashe ta. Ba a barin mota a kunne a nan."

"Ya ce kar in taɓa komi."

"Shi ya ce, ni kuma na ce ki kashe."

Ban iya tuƙi ba, amma kowa ya san yadda ake murɗa makulli. Na miƙa jikina ta kan kujerar direba na murɗa, na zare. Abin da ban sani ba shi ne, a wannan miƙewar gwiwar hannuna ta danne birkin hannu, ya sauka.

Ma'aikacin ya ga makulli a hannuna, ya ji inji bai daina ba, sai fuskarsa ta canza. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san labarin motocin fasa-ƙwauri, waɗanda ake canza wa inji don su yi gudu da kaya, in sun zo shinge su bi ta kansa. Ni ma na sani. Ban taɓa kawo wa raina cewa motar Yaya, da muke zuwa cefane da ita, kamarsu ɗaya a kunnen mai tsaron hanya ba.

Sai na ga rumfar mai shayi da ke gefenmu tana ja da baya. Na ɗauka jiri ne. Ashe mu ne muke tafiya, a hankali, babu kowa a sitiyari, mun nufi shingen.

Ma'aikacin ya yi tsalle baya ya ɗaga bindiga. "Hannu sama! Ɗaga hannunki!"

Na ɗaga. Makullin ya faɗi a cinyata. Mutane suka watse, wata mai tallar ƙosai ta saki farantinta. Can a bakin shingen wani ma'aikacin, dogo, ya taho da gudu yana nuno wajenmu da yatsa, yana ihu da duk ƙarfinsa.

"Kashe ta! Kashe ta mana! Me kake jira, kashe ta!"

Bakin bindiga yana kallona, mai bindigar yana tsaye kusa da ni, ga wani yana ce masa ya kashe ta. Babu wata mace a gaban bindigar sai ni. Na yi kalmar shahada, ban san ko ta fita daidai ba. Abin da ya zo mini a rai ba wani babban abu ba ne, mayafin Inna ne da na ara da safe ban tambaye ta ba, ina tunanin yadda za a mayar mata da shi. Na runtse ido ina jiran ƙarar. Har yau in wani a gida ya ce a kashe fanka ko fitila, ya ce "kashe ta," sai na ji sanyi ya bi ta bayana.

Ƙarar da ta zo ta ƙarfe ce. Motar ta daki gangar yashi da aka tare hanya da ita, ta tsaya, goshina ya bugi gilashi. Injin bai fasa ruri ba.

Sai na ji muryar Yaya. Ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, mutum biyu sun riƙe shi.

"Don Allah ku tsaya, ƙanwata ce! Ke, ja cokalin! Ja cokalin!"

"Kar ki sauke hannu!" in ji mai bindiga.

"Ƙarƙashin sitiyari yake, ki ja shi!"

"Kika sunkuya, ke kika sani!"

Ni dai hawaye kawai nake, hannuwana a sama. Wani dattijon ma'aikaci mai furfura a gemu ya ratso tsakaninsu ba tare da gaggawa ba. Ya dafa bindigar matashin ya karkatar da ita ƙasa, ya juya wajen Yaya.

"Kai, wane irin cokali?"

"Na shayi, ranka ya daɗe. Makulli tayarwa kawai yake yi. Abin da ke yanke mai ya ƙone, ba mu samu wani ba, sai muka sa wayar birkin keke. In an ja ta mutu."

Dattijon ya zagaya, ya buɗe ƙofar direba, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo kafin ya sa hannu. Injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. A cikin shirun nan na ga abin: ƙaramin cokalin Inna mai zanen fure, wanda ta yi ta nema tana zargin yaran maƙwabta, an lanƙwasa shi an ɗaure a bakin waya. Kullum in mun iso gida ina ganin Yaya yana sunkuyawa, ni a zatona takalminsa yake gyarawa.

Ba su sake mu ba. Aka tura motar gefe, aka buɗe gabanta, aka ciro kujerun baya, ana ƙwanƙwasa ƙofofi ana saurare. Yaya aka shiga da shi ciki. Ni aka zaunar da ni a benci kusa da wata ma'aikaciya, ta miƙo mini ruwan leda, na kasa fasa shi da haƙori. Duk lokacin da dogon nan ya gifta sai in sunkuyar da kai. A raina umarnin da ya bayar yana nan, an dai ɗage shi ne.

Bayan an sallame la'asar dattijon ya zo ya tsaya a gabana, hannun rigarsa da sauran damshin alwala.

"'Yata, an duba, ba a samu komai ba sai garin kunu da lemo. Yayanki ya sha faɗa, kuma ba zai ƙetara da motar nan ba sai ya gyara. Za ku koma gida."

Na ce, "Baba, wanda ya ce a kashe ni fa?"

Ya dube ni. Sai na ga abin ya faɗo masa, ya dafe kai.

"Inna lillahi. Motar, 'yata! Motar yake nufi."

Ya ƙwala wa dogon kira. Da aka maimaita masa, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai sa ido.

"Wallahi ƙanwata mota nake nufi. Ban ma ga an zare makulli ba. Ki yafe ni."

Na gyaɗa kai. Dattijon ya tsuguna daidai tsayina.

"Babu mai taɓa ki a nan. Kin ji ko? Babu. Tashi ki je wajen yayanki."

Na ji shi sarai. Amma ban tashi ba sai da ma'aikaciyar ta kama ni.