Ƙwaryar Yaya Tumba

Ranar kasuwar Sabon Birni ce, cikin bazarar 1985, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Ban wuce shekara goma ba. Inna ta haɗa ni da matan ƙauyenmu da ke kan hanyar Kurawa, ta ce in tsaya gindin tsamiyar da masu jakuna ke sauke kaya, in jira Baba Ɗan Jumma, wani tsoho mai jakuna. Rana ta take, ƙasa tana cin tafin ƙafa, ni kuwa ba takalmi, sai in ɗaga wannan ƙafa in sauke waccan. Kasuwa ta cika da mutane amma babu hatsi, sai awaki ramammu da tabarmi da kwanonin aure da mata suka fito da su daga ɗaka. Can sai ga shi yana kora jakunansa biyu. Tun bai kwance mangala ba na san ya zo da saƙon, don warin ya riga ya iso mini. Ya zaro wata ƙwarya an rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma, ya ɗora mini a ka. Ya ce, "Ki ce ma Innarku yayatta na gaishe ta. In Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa za ni komawa."

Abin da ke cikin ƙwaryar daudawar batso ce. Wanda bai tashi a Gobir ba zai ce wane irin abu ne wannan, kuma in ya shaƙa zai ja da baya. Da gurguzu ake yin ta, wato 'ya'yan yakuwa: a wanke, a dafa wuni guda da ruwan toka, a rufe su kwana su yi laushi, a daka, a sake rufewa, sannan a cura a shanya. Kowace mace tana yi, amma a wurinmu batso ɗaya ce, ta Yaya Tumba. Yayar Inna ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ta bayan rasuwar uwarsu, kuma Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Inna tana ce mata Yaya, mu ma muka ɗauka a bakinta. Tana aure a wani ƙauye bayan Burkusuma, cikin ƙasar Nijar, wurin da jigawa ta fi yawa kuma gero bai cika yin kirki ba. Tokar karan gero kaɗai take tacewa, ba ta yarda da kanwa ba, shi ya sa tata take da wani ɗan ƙamshin hayaƙi da ban taɓa ji a ta kowa ba.

Tsakanin 'yan'uwan nan biyu akwai wannan ƙwarya, babba, baƙa saboda tsufa, da ɗinkin kaba a gefe inda ta taɓa tsagewa. Tun kafin a haife ni take kai da kawowa a kan jakin Baba Ɗan Jumma, mai fataucin kanwa da dabino. Ta zo mana da batso, ta koma da gero cike fal, Inna har tana danna shi da tafin hannu don faifai ya rufu. A wurinmu ba a mayar da ƙwarya wayam, kuma mayar da ita rabi ya fi muni, don kamar ka ce da mutum ya ishe ka ne. Ba wanda ya koya mini wannan, na tashi na tarar haka ake yi.

A shekarun ƙoshi, ranar da ƙwarya ta iso ranar murna ce a gidanmu. Inna za ta tuƙa tuwon gero, ta kaɗa miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, ta marmasa curi ɗaya a ciki, a zuba man shanun da Fulanin rugar bayan gari suka kawo. Ni ce mai ɗebo ruwa da share tsakar gida da ba tumaki harawa, kuma ranar nan ba a kiran sunana sau biyu. Nakan saci ɗan gutsure in ƙulle a bakin zane, in tafi da shi makaranta ina lasa kamar alewa. Malaminmu wani Bakano ne, da ya shigo aji sai ya toshe hanci ya ce, "Dije, yau ma?" Yara su kwashe da dariya, alhali rabinsu da irinsa suka zo. Da hutun tara in mun fita wasan carafke gindin bedi, wato dogonyaro, duk wadda ta ci ni sai ta ce ba ta son komai sai lasa ɗaya. Da kaka kuwa, in mun je tsinkar wake a gona, Inna takan kwaɗa mana rama da ƙuli da ɗan batso, mu zauna ƙarƙashin gawo mu ci da hannu har mu suɗe akushi.

Daminar 1984 ce ta kashe duk wannan. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake shukawa, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Babanmu ya ɗauki ɗan buhunsa ya tafi cin rani kudu, ya bar mu da Inna da ƙannena biyu da rumbu wanda in ka leƙa sai ka ga ƙasansa. Shanun Fulani suka mutu a bakin rijiyoyi, nono ya ɓace, aka koma dama fura da ruwan tsamiya, daga baya furar ma ta ɓace. Makaranta ta watse ba tare da an ce an rufe ba. Aikinmu ya koma yawon daji neman 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, da haƙar gidan tururuwa don ɗan hatsin da suka tara. Ga shi an rufe iyaka, masu jakuna sai ta barauniyar hanya suke bi, su ma jefi-jefi.

Cikin wannan hali na shigo gida da ƙwarya a ka. Inna ta kwance tsumman, ta ɗaga faifai, sai ta zauna a kan turmi. Ƙwaryar ba ta taɓa zuwa a cike haka ba, curi kan curi har baki. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta juye su a tukunya, ta wanke ƙwaryar ta rataye a ragaya. Da kasuwa ta zagayo ba ta aike ni ba. Baba Ɗan Jumma da kansa ya biyo ta ƙauyenmu, ya yi sallama a ƙofar gida. Inna ta tsaya bayan danga, ni ina tsakaninsu.

Ya ce, "Ɗiyata, ko dussa ta ki sa mata. Can abin ya hi nan tsanani."

Inna ta ce, "Baba, matar da tag goye ni za ni aika ma dussa? In hatsi ya nuna za ni cika mata ita kamar kullum. Don Allah ka ce ba ka iske mu ba, ka bar ma maƙwabta saƙon."

Tsohon ya ce Allah shi kyauta, ya kora jakunansa. Na ga Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauki taɓarya ta hau dakan anza.

Da batson nan muka ci sauran bazara da damina. Anza ba ta da ɗanɗano sai na itace, tafasa da lalo kuma in ba gishiri sai ka ji kamar kana cin harawa, amma da Inna ta marmasa rabin curi a ciki sai abin ya koma abinci. Ƙaramin ƙanena da ya ƙi komai, romon batso kaɗai yake karɓa, kuma na yi imani shi ya riƙe shi, da ikon Allah. Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Muka yi shuka da ɗan irin da Inna ta ɓoye a tulu ta liƙe da laka, muka yi noma da yunwa, ni da ita, har Babanmu ya dawo. Kullum in ta shiga ɗaki sai ta ɗaga kai ta dubi ragaya. Baba Ɗan Jumma kuwa jakinsa ɗaya ya mutu, ɗayan ya sayar, bai sake tsallaka iyaka ba sai da kaka.

Damin farko da aka yanko, ko tumu ba ta bari mun gasa ba. Ta sussuke, ta sheƙe, ta cika ƙwaryar ta danna da tafin hannu, ta ɗora curin man shanu a kai. Ni na kai wa Baba Ɗan Jumma gindin tsamiya, ina tafe ina waƙa. Bayan kasuwa biyu sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya sauke ƙwaryar a ƙasa. Ɗaurin Inna ne a jikinta, ba a ko kwance ba.

Yaya Tumba ta rasu tun tsakiyar damina. Zazzaɓi ne ya same ta a jikin da yunwa ta riga ta cinye, mijinta kuma ya bi danginsa ya bar garin. Maƙwabciyarta ce ta ba Baba Ɗan Jumma labari. Ta ce duk ranar kasuwa marigayiya takan fito bakin hanya ta zauna, tana tambayar kowane mai jaki ko ya ga mutanen wajen Kurawa. Tun da aka ce mata ba a iske mu gida ba ta ɗauka mun bi masu gudun yunwa, ko wani abu ya same mu. Ta ce har ranar da ta kwanta maganarta ɗaya ce: "Ko wayam ta, su maido min ita, in san suna da rai."

Ban taɓa jin Inna ta yi kuka irin na ranar ba, kuma ba na fatan in sake jin irinsa. Geron ta bayar sadaka. Daga ranar ba ta sake sa batso a miya ba, in ana dafawa a maƙwabta sai ta shige ɗaki. Na daɗe ina jin haushinta a raina, sai da na girma na gane ita ma abin da aka koya mata ta yi. Yanzu kunyar nan tamu nake jin haushi, wadda ta sa mace ta ɓoye wa yayarta rumbun da kowa a ƙasar ya san babu komai cikinsa.

Aure ya kawo ni Fatakwal, yau shekaruna a nan sun fi waɗanda na yi a gida. Akwai kifi, akwai manja, akwai ɗunƙulen sa miya kala-kala, amma na zagaye kasuwar 'yan arewa ban samu batso ba. Wasu ma sunan ba su sani ba. Sai wani direban motar albasa daga garin Isa ya taɓa kawo mini a leda. Na rufe ƙofa na kaɗa miyar kuka, 'ya'yana suka toshe hanci suka ce wani abu ya mutu a gidan. Na ci loma biyu na ajiye, don da kanwa aka yi ta, babu hayaƙin nan. Hanyar gida kuma yanzu sai da addu'a ake bin ta, ƙauyuka da yawa sun tashi, ban san ko akwai sauran mai tace tokar kara ba.

Da Inna ta rasu, muna kwashe kayanta na tarar da ƙulli a ƙasan kwalla. Curi ɗaya ne na batson shekarar nan, ya bushe kamar dutse. Na kai hanci, ban ji komai ba. Ƙwaryar tana wurina, a saman kabad. Maƙwabtana a nan suna yi mini dariya, wai in aka aiko mini da abinci ba na bari kwano ya kwana, ko babu abin sawa sai na tashi na mayar da kaina. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Ƙwaryar da babu komai cikinta ba ta da nauyi, ko ni da nake yarinya da na iya kai ta.