Hashmot Majhi, Mai Sauke Babban Zane

Da an sallame asuba, Hashmot Majhi yakan ci shinkafar da ta kwana a ruwa da ɗan barkono, ya gangara bakin kogin Meghna ya duba igiyoyin jirginsa. Zane biyu ke kama wa jirgin iska, babba a tsakiya, ƙarami a goshi. Da su yake ƙetarar da mutanen tsibirinsu tun gemunsa yana baƙi. A watan nan ya ajiye tuƙi.

A wurin matuƙan nan, sauke babban zane abin kunya ne, don ana hangowa daga gaɓa. In hadari ya taso sai su cire ƙaramin su bar babban, kada a yi da su a teburin mai shayi. Hashmot kuwa iska yake dubawa. In daga gaba take, sai ya cire ƙaramin ya rage babban. In daga baya take, babban ne zai sauka.

Wata bazara ya ɗauko wasu mata daga kasuwa da buhunan irin shinkafar da tsibirin zai shuka. Suna tsakiyar kogi guguwa ta taso ta baya.

"Yaya Hashmot," in ji Rahela, babbarsu, "in irin nan ya nutse, bana ba mu da noma."

Ya saki igiya, babban zane ya zube. Jalil, wani matashin matuƙi da ke gefensu a nasa jirgin da lodin kwakwa, ya kwashe da dariya.

"Kawu, tun yanzu? Ko tsohuwar nan matarka ce ta ce kada ka jiƙe?"

"Ita ce. Kai da ba mai jiranka, sauke naka duk da haka, ja'iri!"

Jalil ya ƙi. Ya wuce su a guje, can gaba iska ta kifar da shi. Hashmot ya iso a hankali da ƙaramin zane, ya jefa masa igiya, matan suka jawo shi. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba.

Kai ne gwanin Meghna, Hashmot. Kai ka ɗauki gori shekara da shekaru, ba ka taɓa barin fasinja a kogi ba. Mun gode, Allah Ya saka. Ku kuma matasan da za ku gaji igiyar, ku yi koyi da shi. Irin nan an shuka shi, ya yi kyau, har Jalil ya ci sabuwar shinkafa.