Taɓarya Biyu a Ajin Taurari

Ku matso, ku ja kujera, shayin ma bai huce ba. Yau labarin Furera zan ba ku, matar Malam Misbahu na sashen Hausa a gidan rediyo. Ita ce wadda in ka bi ta garin Beltsville, nan Amurka, da hantsi za ka gani tana jan ayarin yara 'yan shekara huɗu, duk sun riƙe igiya ɗaya kamar 'ya'yan agwagwa.

A wani ƙauye kusa da Dutsin-Ma aka haife ta, kuma a hannun kakarta ta tashi. Wurin tsohuwar ta koyi daka, ta koyi sunayen taurari: Kaza da 'Ya'yanta, Zara, Gamzaki. A shekarar 2004 ta biyo mijinta Amurka da Turancin da bai wuce na gaisuwa ba. Ta gyara shi a ajin manya na laburare, sannan ta samu aiki a wani gidan renon yara a matsayin mataimakiya. Share hanci, ɗaura igiyar takalmi, rarrashin mai kuka, shekara takwas cur. Malamai su zo su tafi, kowace sabuwa Furera ce ke koya mata wane yaro ne ba ya cin gyaɗa, wanne ne sai an shafa bayansa yake barci. A gefe kuma tana ɗaukar kwas ɗai-ɗai a kwalejin gunduma.

Farkon 2013 shugabar wurin ta kira ta ofis. Malamar ajin 'yan shekara huɗu za ta yi ritaya. In Furera ta kawo difloma kafin ƙarshen Yuni, ajin nata ne. In ba ta kawo ba, dole a ɗauko wata daga waje, don haka dokar wurin take.

Kwas ɗaya ya rage mata, na kimiyya. Da ta duba jerin ta ga ilimin taurari, sai ta yi dariya ta ce wa mijinta an kawo mata tuwo har ɗaki. Ita da ta san taurari tun ba ta iya ɗaura zane ba? Misbahu ya ce to Allah ya sa taurarin Amurka su amsa sunan Hausa.

Ba su amsa ba. Malamar, wata doguwa mai furfura da ake kira Constance, ko sunan tauraro ɗaya ba ta tambaya ba. Dokokin motsi ta kama: wai abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi, wai ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa shi ne ke riƙe da wata, wai mai nauyi da mara nauyi in an sake su tare, tare za su iso ƙasa. Na ƙarshen nan ya tsaya wa Furera a wuya. A jarrabawar farko ta rubuta gaskiyarta, cewa dutse zai riga tsakuwa, kuma duk lissafin da ya biyo baya ta gina shi a kan haka. Takardar ta dawo ja wur. Ta biyu ta haddace amsoshi kamar karatun allo, da aka juya tambayar sai ta ɓace. Malama Constance ta zaunar da ita ta gaya mata babu ɓoye-ɓoye: abin da ya rage shi ne aikin ƙarshe, inda kowane ɗalibi zai nuna wa aji doka ɗaya da wani abu daga rayuwarsa, ya kuma amsa tambayoyi. In ta yi kyau sosai, za ta haye. In ba haka ba, sai wani zangon, kuma Yuni ba zai jira ba.

Saura kwana tara ta gabatar da aikin aka yi suna a garin Landover. Uwar bikin ita ce Hajiya Rahmatu, mutuniyar Maraɗi, wadda ta rantse ba za ta sha furar inji ba muddin tana numfashi. Turminta daga gida ta sa aka kawo mata, da taɓarya biyu: babba mai nauyi kamar gungume, da siririya ta 'yan mata. Da yake maƙwabcin ƙasa ya taɓa buga mata ƙofa saboda dukan turmi, a kan ciyawar bayan gini ake daka, da rana tsaka.

Furera na zaune gefe da littafi a cinya, Hajiya ta hango ta.

"Ke 'yar lakwal, 'yar boko, hannun ya mutu ne? Aje takardar nan ki zo in ga ko Katsinawa sun iya wani abu ban da baki."

"Hajiya, kar in kunyata ki gaban jikokinki."

"Kunyata ni, ɗiyata. Ga babbar, ɗauki."

Suka kama. Da geron ya fara laushi sai hannu ya tuna abin da kai ya manta, suka shiga lugude: a buga, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Mata suka kewaye su suna guɗa ƙasa-ƙasa don kar maƙwabta su leƙo. Can Hajiya ta ce a cilla tare a ga mai tafi da yawa. Suka cilla, taɓaren suka kai daidai bakin barandar bene, tafi uku, suka cafe a lokaci guda. Suka sake, uku. Furera ta ce a yi musaya. Ta karɓi siririyar, ta kai ta tsayin ɗazu, tafi uku, ba ƙari ko rabi.

Sai ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallon baranda. Tun tana 'yar shekara tara take lugude, kuma ba ta taɓa rage tafi don taɓarya ta yi nauyi ba. Babbar ta fi wuyar ɗagawa, kafaɗarta shaida ce. Amma wajen dawowa ba ta riga ƙaramar ko da ƙiftawa. Ƙasa ta fi jan babbar da ƙarfi, ita kuma babbar ta fi taurin kai wajen motsi, sai abin ya tashi daidai. Wata huɗu ke nan malama na faɗa mata wannan da alli.

Hajiya ta tambaye ta ko aljanun Amurka ne suka shafe ta. Furera ta ce a'a, aron taɓarya take so ranar Talata, da mai taɓaryar.

Misbahu ne ya kai su. Duk hanya yana cewa shekara ashirin yana karanta labaran duniya bai taɓa jin an kai turmi kwaleji ba, kuma in mai gadi ya tare su shi direba ne kawai, bai san kowa ba. Mai gadin kuwa ya tare su, sai da Malama Constance ta sauko da kanta. Rufin ajin ya yi ƙasa, don haka aka kwashi ɗalibai ashirin da 'yan kai zuwa filin ciyawa.

Furera ta ba kowa taɓaren ya ɗaga ya ji bambanci, ta ce su faɗi wadda za ta riga sauka. Fiye da rabi suka nuna babbar, su da suka ci jarrabawar da ta faɗi. Hajiya ta gyara ɗaurin zane, suka cilla. Ɗalibai suka ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku. Aka yi musaya, aka sake. Sannan Furera ta nuna musu yadda turmi ke tunkuɗo taɓarya sama gwargwadon dukan da aka yi masa, ta ce wannan ma doka ce, ta uku.

Malama ba ta yi murmushi ba tukuna. Ta ce to, in ƙasa na jan kome, me ya hana wata faɗo mana a ka?

Wannan babu shi a cikin abin da Furera ta shirya. Ta ɗaga taɓaryar hannunta. Sai ta ce in ta cilla miƙe, a hannunta za ta dawo. In ta jefa gefe, can gaba za ta sauka. In da za a samu mai ƙarfin da zai jefa ta gefe da gudun gaske, tana faɗowa ƙasa na lanƙwashewa a ƙarƙashinta, ba za ta taɓa samun inda za ta sauka ba.

"Wata faɗowa yake yi, Malama," in ji ta. "Kullum yana faɗowa. Ƙasar ce bai samu ba."

Hajiya ba ta ji Turancin ba, amma ta ga fuskar malamar, sai ta rangaɗa guɗa, wannan karon da dukan muryarta.

Ranar sha tara ga Yuni Furera ta ajiye difloma a teburin shugaba. Yau a ajinta akwai ƙwallo biyu a kwando, ta roba da ta katako, kuma kowace shekara sai ta hau kujera ta sake su gaban yara, ta bar su su yi ta gardama. Hajiya kuwa har gobe tana gaya wa mutane ta koyar a jami'a.

To ku da kuke zaune, me hannunku ya daɗe da sani wanda har yanzu ba ku tsaya kun tambaye shi ba?