Asabar a Gidan Tsohuwar Kambodiya

A shekarun da muke zaune a unguwar Park Hill, tsallaken ruwa daga Manhattan, aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, daga Litinin zuwa Juma'a. Maigidana, mutumin Damagaram kamar ni, yana da tebur a titin 125 a Harlem, yana sayar da turare da huluna. Ranar Asabar kuwa ta da'awa ce. Mu 'yan mata da matan aure kaɗan ne muke haɗuwa a wani ƙaramin masallaci a Tompkinsville, bayan wani shagon kayan miya, sai shugabarmu ta rarraba mu, wasu asibiti, wasu gidan masu jego, wasu wajen sababbin musulunta masu neman wanda zai koya musu alwala. Shugabar tamu wata Hajiya ce 'yar Zangon Kumasi, mai jiki da murya, wadda kowa "ya" ne a bakinta, mace ko namiji.

Wata Asabar ta ce da ni, "Malama, akwai wani tsohuwa a Bronx, yana so ya koyi salla. Ɗiyansa ne ya kira mu. Ke za ki je."

Na tambaye ta mutuniyar ina ce.

"Kambodiya."

Har ranar ban san akwai musulmi a wannan ƙasa ba. Na hau bas zuwa bakin ruwa, na shiga jirgin ruwa na haye zuwa Manhattan, sannan na hau jirgin ƙasa har Bronx. Tafiyar takan cinye mini rabin safiya.

'Yar tsohuwar ce ta buɗe mini ƙofa, mace mai kamar shekara arba'in da wani abu, tana aiki a shagon gyaran farce. Da Turanci ta yi mini bayani. Ƙabilarsu sunanta Cham, masunta ne a bakin wani babban kogi, kuma musulmi ne tun kaka da kakanni. Lokacin da uwarta take amarya aka yi wasu masu mulki da suka hana addini kowane iri. Suka kashe limamin ƙauyen, suka watsa littattafai a ruwa, suka kora mutane gonaki. Waɗanda suka tsira suka gudu sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, daga can aka kawo su nan. Tun wancan lokaci tsohuwar ba ta sake yin salla yadda ya kamata ba. Yanzu likita ya ce ƙodarta ta gaji, shi ne ta matsa a nemo mata malama. 'Yar kuwa ta ce ita ba ta san komai ba a addinin, a sansani aka haife ta.

Na tarar da tsohuwar zaune a kan tabarma a ɗakinta, 'yar firit da ita, haƙoranta sun yi baƙi saboda wani ganye da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Na yi sallama, ta amsa daidai. Daga nan kuma ba mu da sauran magana ɗaya da muka haɗa. Ba ta jin Turanci, ni ma nawa na wajen aiki ne. Na ce da ita Inna, ta karɓi sunan.

Na nuna mata ta karanta abin da ta sani. Ta fara Fatiha lafiya, da wata irin murya mai lanƙwasa da ban taɓa ji ba, ta kai tsakiya sai ta faɗa cikin wata sura, ta dawo, ta tsaya. Sai muka koma yadda aka koya mana muna yara, in faɗa ta maimaita. Akwai haruffan da harshenta ya ƙi, na yi ta fama har na bar su. Alwala kam ba ta buƙaci gyara sosai ba, shafar kunne kawai ta manta.

Idan mun gama 'yar takan kawo shinkafa da miyar kifi. Suna saka wani ruɓaɓɓen kifi da warinsa ya fi na daddawa ƙarfi. Ranar farko na ci don kunya, daga baya na saba. A kan wannan abinci ne wata rana tsohuwar ta yi doguwar magana da 'yarta, 'yar ta juyo gare ni.

"Sista, tana tambaya. A gonakin nan an sa su cin naman alade, an tsaya a kansu da bindiga. Ta ci. Wai yaya hukuncinsa?"

Na ce wanda aka tilasta wa babu laifi a kansa, kuma wannan ba ra'ayina ba ne, haka yake a Alƙur'ani. 'Yar ta fassara. Tsohuwar ta dube ni, ta sa aka maimaita mata, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da cire ƙaya daga kifinta. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Mijin 'yar mabiyin addinin Buda ne, direban motar kai kaya. A falo yana da ɗan katako a bango, da gunki a kai da lemo da tsinken turare. Wata Asabar wata matashiya 'yar Kano da ba ta daɗe da zuwa ba ta raka ni, ta ga gunkin, ta ƙi zama. Da muka koma ta kai maganar gaban Hajiya, ta ce bai halatta a riƙa shiga gidan ba. Wasu suka goya mata baya. Hajiya ta bari kowa ta gama, sannan ta dube ni.

"A falon kuke salla?"

"A'a Hajiya, a ɗakin tsohuwar."

"To gunkin yana bin ku ɗakin?"

Aka yi dariya, banda matashiyar. Ba ta sake raka ni ba, amma muna gaisawa. Shi kuwa surukin, ko ya san an yi wannan ko bai sani ba, idan ya ga mun shiga ɗaki yakan kashe talabijin ya fita bakin titi ya sha sigari har mu idar.

Da azumi ya zo tsohuwar ta ce za ta yi. Likita ya hana, 'yarta ta hana, aka jira ni in raba gardama, ni ma na ce a'a, sai dai a ciyar. Ta yi fushi da ni. Wannan Asabar ta juya fuska bango, ko bisimilla ta ƙi yi. Na zauna na yi nawa karatun, na tashi na tafi. Mako na zagayowa na same ta ta shimfiɗa sallaya tana jira. 'Yar ce ta riƙa dafa shinkafa tana kaiwa wani masallacin 'yan Gambiya da ke kusa da su don buɗa baki.

Inna ta rasu a lokacin sanyi, a asibiti. Ina gidan wata tsohuwar Baturiya da nake kula da ita, ina ba ta abincin rana, 'yar ta kira. A lokacin Inna ta riga ta riƙe Fatiha da Ƙulhuwallahu da kusan rabin tahiya.

Washegari muka haɗu a gidan da ake shirya gawa, ni da Hajiya da 'yar. 'Yar ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba za ta iya taɓa ta ba. Hajiya ta miƙa mata moɗa.

"Ba sai kin taɓa ba. Ke zuba ruwa, mu za mu wanke."

Ta tambaye ni me za ta ce. Na ce ta ce bisimilla. Ta faɗa, ta zuba. Da muka zo kan gashi ita da kanta ta ajiye moɗar ta kitsa wa uwarta shi. Muka sa likkafani.

A New Jersey aka binne ta. Maigidana ya rufe teburinsa ya zo da wasu 'yan Nijar abokan kasuwarsa, 'yan Gambiyan nan ma suka zo, aka sami sahu biyu. Maigidana ya ba ni labarin cewa surukin ya tsaya a baya hannuwa haɗe a ƙirji har aka sallame, da aka zo ɗaukar makara kuma ya shiga ya sa kafaɗa.

Bayan haka 'yar ta zo masallacinmu sau biyu, ta zauna a baya da gyale a kanta, sai ta daina. Ban bi ta ba. Da shekara ta kewayo ta kira ni daga Massachusetts, inda suka koma wajen dangin mijinta. Ta ce ta sami wasu mata 'yan ƙabilarsu a can, har da wata tsohuwa daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, wadda ta san kakarta. Takan je wajensu idan ta sami hutu. Ta ce har yanzu ba ta fara salla ba. Na ce Allah ya sa a dace, na tambaye ta yara, ta ce suna lafiya, babbar ta shiga jami'a.